Rasin ma awo ne: me ya sa √8 da √18 ke haɗuwa, √2 da √3 ba sa haɗuwa

Duk shekara idan jarrabawar BEPC ta matso, na zauna da takardun ƴan turaziyem, ajin ƙarshe na kwaleji, ina gyara, akwai layi guda da na san zan tarar kafin in kai takarda ta goma: √2 + √3 = √5. Masu ƙoƙari ma suna rubuta shi. Wata yarinya daga cikin masu zama a teburin gaba ta taɓa tsayar da ni a kansa bayan an tashi. Ta ce, "Mushe, biyu da uku ba biyar ba ne? Kuma ai ku kuka ce √2 sau √3 shi ne √6. Don me ninkawa ta halatta, tarawa ta haramta?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma duk malamin da ya amsa ta da "haka doka ta ce" ya cuci yarinyar, ya kuma cuci darasin. Ga amsar da ta kamata a ba ta, da Hausa, don a ganina rabin wahalar wannan babi a Maraɗi daga harshen da ake koyar da shi take. Yaro na fama da Faransanci yana fama da lissafi a lokaci guda, sai ya haddace abin da ya kamata ya gane.

Kalmar da muke cewa rasin a lakwal ma'anarta saiwa. Tsohuwar kalma ce. Muhammad bin Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekara ta 820, yana kiran lambar da aka ninka da kanta "mal", wato dukiya, ita kuma lambar da dukiyar ta tsiro daga gare ta yana kiranta "jazr", saiwa. Masu fassara zuwa Latin suka ɗauki ma'anar yadda take, daga nan ta shiga Faransanci har ta iso allonmu. Alamar √ kuwa ta zo daga baya, a 1525, cikin littafin Kiristof Rudolf da aka buga da Jamusanci, sannan Dekart ya ja mata layin nan na sama a 1637. Ni rumfa nake ce mata a aji, domin aikin layin ke nan, ya nuna wa ke ƙarƙashin inuwa, wa ke waje.

Hanya mafi sauƙi ta gane rasin ita ce fili. Idan aka sayar maka da fili mai tsawo da faɗi daidai, girmansa murabba'in mita 400, kowane gefe mita 20 ne, don 20 sau 20 ya ba da 400. To 20 ita ce rasin 400. Lambobi irin su 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81 da 100 gefensu yana fita cif, su ake kira cikakkun murabba'ai, kuma ɗalibin da bai riƙe su a ka ba har zuwa 144 zai sha wuya a banza. Amma fili mai murabba'in mita 72 fa? Shi ma yana da gefe, igiya za ta auna shi. Ya fi mita 8, don 8 sau 8 64 ne, bai kai mita 9 ba, don 9 sau 9 81 ne. Sunan wannan tsawon √72.

Yanzu ka ɗauki filin nan ka yanka shi fangali-fangali, yadda masu lambu ke yi a Jiratawa ko a bakin gulbi: layi shida a tsaye, layi shida a kwance, fangali 36 masu girma ɗaya. Kowane fangali ya tashi da murabba'in mita 2, tunda 36 sau 2 shi ne 72. Gefen ƙaramin fangalin √2 ne. A gefen babban filin kuma fangali shida ne a jere. Ke nan √72 daidai yake da √2 sau shida, abin da muke rubutawa 6√2. Duk abin da ake kira sauƙaƙa rasin wannan ne. Ba a rage wa lambar komai ba. An samo ƙaramin awon da ke cikinta ne, aka ƙirga sau nawa ya shiga. A 6√2, shidan nan ƙidaya ce, √2 kuma awo ne, kamar yadda a "tiya shida" shida ke ƙidaya tiya ke awo.

A takarda ba sai an zana fangali ba. Ka nemi cikakken murabba'in da ke raba lambar, ka fitar da gefensa waje: 72 = 36 × 2, saboda haka √72 = √36 × √2 = 6√2. Da yawa daga cikin yara 4 suke fara gani, su rubuta 72 = 4 × 18, su samu 2√18 su ajiye bik. Ba su yi kuskure ba, aikin ne bai ƙare ba, don 18 ma tana ɗauke da 9 a ciki: 2√18 = 2 × 3√2 = 6√2. Ga wanda idonsa bai saba ba, akwai hanyar da ba ta ɓata: a farfasa lambar har ƙasa, zuwa lambobin da ba sa ƙara rabuwa. 72 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3. Duk inda aka samu tagwaye, sai su fita daga rumfa a matsayin mutum ɗaya, don rasin 3 × 3 ita ce 3. Tagwayen 2 sun fita, tagwayen 3 sun fita, a waje an samu 2 × 3, wato 6. An bar 2 guda tilo da ba ta da ƴar'uwa, ita ce za ta zauna a ciki. Ka riƙe maganar tagwaye da tilo, za mu dawo kanta, kuma a can ne za ta yi babban aiki.

To ga tambayar yarinyar. Ninkawa ta halatta ne saboda an gwada ta ta tsaya. Rasin 6 ita ce lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 6. Ɗauki √2 × √3 ka ninka shi da kansa: √2 ta haɗu da √2 ta ba da 2, √3 ta haɗu da √3 ta ba da 3, 2 sau 3 kuma 6. Ya ci jarrabawa, shi ne √6. Yanzu a yi wa √2 + √3 irin wannan gwaji. Idan da gaske √5 ne, ninka shi da kansa ya kamata ya ba da 5. Sai dai idan ka ninka (√2 + √3) da (√2 + √3), kowane ɗaya na farko sai ya gaisa da kowane ɗaya na biyu, gaisuwa huɗu ke nan: 2, da √6, da wata √6, da 3. Jimla 5 + 2√6. Biyar ɗin da yarinyar ke nema tana nan, amma ga 2√6 a bayanta, kuma ba ƙaramin abu ba ne, ya kusa 5 shi ma. Shi ne abin da mai rubuta √5 ya zubar a hanya bai sani ba.

Wanda ya fi ni iya nuna wannan wani dattijon magini ne da ya yi mini katanga a unguwar Zariya. Kafin ya haƙa tushe, sai ya kafa turke a kusurwa, ya auna mita 3 ta wannan gefe, mita 4 ta wancan, ya ja igiya tsakanin bakin biyun. In igiyar ta ba da mita 5, kusurwa ta miƙe. In ba ta ba da ba, ya gyara turke. Na ce, "Baba, a ina kuka koyi wannan?" Ya ce, "Wajen maigidana, Malam. In ka bi bango bakwai ne, in ka ratsa biyar." Bai taɓa jin sunan Fitagoras, malamin Girka da ake danganta wannan ƙa'ida da shi, ba, amma abin da ya faɗa shi ne √9 + √16 = 3 + 4 = 7, alhali √(9 + 16) = √25 = 5. Tara rasin biyu bin bango ne. Tara lambobin a ƙarƙashin rumfa ɗaya ratse ne. Ratse kuma kullum ya fi bin bango gajarta, kowane yaron da ya taɓa yanke hanya ta cikin kango ya san haka. Da kalkuleta ma ana gani: √2 kusan 1,414 ne, √3 kusan 1,732, jimlarsu 3,146, ita kuwa √5 2,236 ce kawai. Waƙafin nan da nake sawa shi ne na lakwal ɗinmu, ƴan'uwanmu na Najeriya ɗigo suke sawa a wurin.

Idan haka ne, yaushe rasin biyu ke haɗuwa? Sai awonsu ya zama ɗaya. Tiya biyu ta hatsi da tiya uku ta hatsi tiya biyar ce ta hatsi, haka ma 2√7 + 3√7 = 5√7. Ana tara ƙidaya, awo yana nan yadda yake, ba wanda ke cewa tiya ta zama babba don an ƙara yawanta. Wannan kowa na ganewa. Inda daɗin abin yake shi ne inda awon ya ɓuya. Dubi √8 + √18. A ido ba su da dangantaka, ɗaya 8 ɗaya 18. Amma √8 = 2√2, √18 = 3√2, jimla 5√2. Kamar a ce maka jika biyu da dala hamsin: suna biyu ne, kuɗin ɗaya ne, kowace mai tuwo a tasha ta san dala 450 ke nan, don jika dala 200 ce. Ka lura kuma 5√2 idan aka mayar da shi cikin rumfa √50 ne, ba √26 ba. A ɗaya ɓangaren, √18 da √19 maƙwabta ne a ƙidaya, girmansu ma ya kusa zama ɗaya, amma ba su haɗa awo ba ko kaɗan. Kama da wane ba ta wane.

Wannan ne dalilin da ya sa ake sauƙaƙawa kafin a tara, kuma shi ne dalilin da ban cika jin ana faɗa wa yara ba. Sauƙaƙawa tambayar asali ce, kowace rasin a ce mata ƴar gidan wa ce. Ɗauki √50 + √27 − √8 + √12. Bayan tambayar asali ya zama 5√2 + 3√3 − 2√2 + 2√3. Gida biyu ne ashe. Ƴan gidan √2 sun tashi 3√2, ƴan gidan √3 sun tashi 5√3. Amsa 3√2 + 5√3, a nan kuma ake tsayawa. Tsayawar ce ke yi wa yara wuya, don tun firamare sun saba amsa lamba guda ce, in suka ga alamar tarawa a cikin amsa sai su ji kamar sun bar aiki a buɗe, su matsa masa ya zama 8√5. Gara malami ya faɗa musu a fili cewa 3√2 + 5√3 lamba guda ce, tana da wurinta a kan layin ƙidaya, kusan 12,9. Tarawar ba ta haramta ba. Sunan da ya fi wannan gajarta ne babu.

A nan misalin kasuwa ke ƙarewa, kuma ya kamata in faɗi iyakarsa. Mutumin Maraɗi zai ce, to ai naira da sefa ma kuɗi biyu ne, amma ɗan canji na mayar da wannan wancan, kullum ana yi tsakanin nan da Jibiya. Me zai hana a samu farashin canji tsakanin √2 da √3? Babu shi, kuma ana iya tabbatar da babu shi, ba wai an nema ne aka gaji ba. A ɗauka akwai: cikakkun lambobi biyu, p da q, waɗanda √3 sau q ya yi daidai da √2 sau p. Ninka kowane ɓangare da kansa, ka samu 3 × q × q = 2 × p × p. Yanzu farfasa ɓangarorin biyu har ƙasa ka ƙirga 2 nawa ke ciki. A hagu, duk 2 da ke cikin q ta zo sau biyu, tunda q biyu ne, 3 kuma ba ta kawo wata 2 ba, saboda haka duk 2 na hagu tagwaye ne. A dama ma p × p tagwaye ya bayar, amma ga 2 guda a gaba, tilo. Lamba ɗaya ba ta farfashewa iri biyu, ba zai yiwu a ƙirga ta nan a ga tagwaye zalla, a ƙirga ta can a ga saura ɗaya ba. Ke nan p da q ɗin babu su. Ko ka yanka √2 gida dubu, ko gida miliyan, ba za ka samu ɗan guntun da zai auna √3 cif ba.

Duk lokacin da na kai nan a aji ina jin nauyin abin, domin hujja ce ta layi biyar da ke rufe ƙofa har abada. Mutanen Girka na dā sun gano irin wannan tun wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan gefen murabba'i da ratsensa, kuma kalmar da suka sa wa irin waɗannan tsawo biyu ma'anarta "marasa awo ɗaya". Uƙlidis, malamin lissafinsu, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ware musu kashi na goma na littafinsa, wanda ya fi sauran kasassan tsawo. Malaman Larabawa kuma suka kira rasin da ba ta fita cif "asamm", kurma. Tun kafin su duka, wani marubuci a Babila ya zana murabba'i a kan ɗan allon laka ya rubuta ratsensa, kimanin shekara 3700 da suka wuce. Allon na Jami'ar Yel a Amurka yanzu, kuma abin da ya rubuta, idan aka juya shi zuwa ƙidayarmu, 1,41421296 ne, alhali √2 ta fara da 1,41421356.

Wani zai ce yau kowa da waya a aljihu, wayar da kalkuleta, me ya rage wa wannan wahala? Ga misalin da nake ba su: 3√12 − 2√75 + √48. Mai kalkuleta ya ɗauki lamba biyu bayan waƙafi: √12 ya ba shi 3,46, √75 8,66, √48 6,93. Ya lissafa 10,38 − 17,32 + 6,93, ya samu −0,01. Mai tambayar asali ya ga duka ƴan gidan √3 ne: 6√3 − 10√3 + 4√3. Sifili, cif. Na farko ya ce akwai ɗan bashi, na biyu ya san babu ko dala. A aljabra bambancin sifili da kusan sifili babba ne, don kusan sifili ana raba lamba da shi, sifili ba a yi.

Duk da haka ba na son kalmar "sauƙaƙa" ta ruɗe mu, mu malamai. 6√2 ba kullum ya fi √72 sauƙi ba. In girman lambar kake son sani, √72 ta fi, nan take ka ga tana tsakanin 8 da 9. In kuma aka ce wanne ya fi girma tsakanin 2√7 da 3√3, fitarwa ba ta taimaka, mayarwa ciki ake yi: 2 ta koma rumfa a matsayin 4, 3 ta koma a matsayin 9, sai a samu √28 da √27. Na farko ya fi da kaɗan. Ɗalibin da aka koya wa fita kawai, ba a koya masa komawa ba, a nan yake tsayawa cak. Haka batun kore rasin daga ƙasan kaso, inda 1/√2 ke zama √2/2. Asalinsa sauƙin hannu ne, don raba 1,414 gida biyu ya fi raba 1 da 1,414 sauƙi ga mai lissafi da alli. Amma har yau yana da amfani, kuma amfanin dai na tambayar asali ne: 6/√3 ba ya kama da kowa, sai ka ninka sama da ƙasa da √3 ka ga 6√3/3, wato 2√3, ya koma cikin danginsa a tara shi da su.

Akwai rami guda da ke jiran yaro idan haruffa suka shigo. Rasin ba ta ba da lamba mai alamar ragi. Idan x ya kasance −5, x sau x 25 ne, rasinsa 5, ba −5 ba. Don haka √(x²) ba x ba ne kai tsaye, girman x ne ba tare da alamarsa ba, abin da ake rubutawa |x|. √(18x²) shi ne 3|x|√2, sai in an faɗa tun farko cewa x ba ya ƙasa da sifili. Masu shirya jarrabawa suna son wannan rami: √((1 − √2)²) amsarsa √2 − 1 ce, domin 1 bai kai √2 ba.

Awon nan guda biyu, √2 da √3, kuma suna cikin garin nan, ba a kaye kaɗai ba. Wutar NIGELEC da ke shiga gidaje ana kiranta 220, wadda manyan injinan niƙa ke ja ana kiranta 380. Ba haka kawai aka zaɓi lambobin ba, 220 sau √3 ne ke ba da 381. Inda ake lissafi da 230, sai ta ba da 398, a kira ta 400. Takardar A4 da ake buga jarrabawar a kanta faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Raba 297 da 210 ka ga 1,414. An yi haka ne don in aka ninke takardar biyu, rabin ya fito da siffar uwar, kuma √2 kaɗai ke iya wannan: in faɗin 1 ne, tsawon √2, rabin tsawon √2/2 ne, faɗin 1 ya zama sabon tsawo, 1 a raba da √2/2 kuma 2/√2 ne, wato √2 ta sake dawowa. Shi ya sa mai fotokopi a bakin babbar kasuwa, in ka ce ya ƙara maka A4 ta koma A3, yake danna 141 bisa ɗari, in kuma ragewa ce ya danna 71, wato √2/2.